Tsuntsayena da Hankakin Gwaggo

Da damina, wasu 'yan tsuntsaye jajaye, irin waɗanda muke kira baiwar Allah, suka yi sheƙa cikin wata tsohuwar ƙwarya da ke rataye a bangon madafinmu a Ƙofar Jatau. Da na ji kukan 'ya'yansu, sai na ɗauki alhakinsu kamar ni na haife su. Kullum nakan zuba wa iyayen tsakin gero a kasko, in ajiye ruwa a wani.

Ƙadangaru suka fara zuwa, sai kajin maƙwabta marasa kunya. Na ɗaura kaskon da igiya a reshen lemo, na huta da su.

Gwaggo ce na kasa. Yayar mahaifina ce, kuma a wurinta duk abin da aka ajiye wa tsuntsu sadaka ne, wanda ya zo ci ba a korarsa. Don ta samu nata ladan, ta riƙa juye sauran tuwo da miya da ƙasusuwa a gindin lemon. Nan da nan hankaki suka gane gidan. Daga bolar bayan ganuwa suke tasowa, baki duk ƙazanta, su tsoma shi cikin ruwan da na ajiye, su yi kashi a kan shanyarmu. Wallahi ko ganinsu ba na son yi. Iyayen 'ya'yan nan kuwa suka daina sauka, sai leƙe daga kan katanga.

Na ɗaga muciya zan jefi ɗaya, Gwaggo ta ce, "Kul! Ke kika aiko shi? Wanda ya halicci naki shi ya halicce shi."

"Gwaggo, 'ya'yan fa za su cinye."

"Ba sa cin abin da ba rabonsu ba."

Ran nan na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na tarar da ƙwaryar a kife a ƙasa, ciyayi a warwatse. Wani hankaka na kan katanga, ya taka abu da ƙafa yana yaga. Ko gashi bai gama fito wa abin ba. Gwaggo na zaune a tabarma tana jan carbi, a kan idonta aka yi komai.

Na juya na dubi Gwaggo.

Ta dube ni, ta dubi kasko, ta ce, "Ƙara ruwa mana, 'yar nan. Wanda ya ci ai zai nemi sha."