Kyanwar Gabi da Babban Yatsana

Na daɗe ina taka keken ɗinki a Madarumfa, kuma abubuwa da yawa sun same ni a shagon nan waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tuna su. Amma azumin da kyanwa ta hana ni ɗinki, ta kuma sa na riƙa bin garake, wato lambunan mutane, ina cigiyarta da baki busasshe, wannan kam ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi. Ko yanzu da nake ba da labarin sai na ji raina yana ɗan tashi.

Ɓeraye ne suka jawo mini. Shagona yana jingine da wani ɗakin ajiya da ake zuba gyaɗa da wake, in sun ƙoshi a can sai su ratso bango su zo wajena shaƙatawa. Da fari zare suke yanka mini, su gwaguyi sabulun da nake jan layi da shi. Sai wata safiya na warware shaddar wani alhaji na tarar sun yi mata huji. Allah ya taimake ni hujin ya faɗa inda zan fitar da wuya. Guba ba ta sakuwa, don kajin maƙwabta a ƙofar shagon suke wuni. Da labari ya kai wa gwaggona da ke Gabi, sai ta aiko cewa kyanwarta ta haihu, 'ya'yan sun tasa, in zo in ɗauki ɗaya.

Na hau moto, wato babur, na tafi. Ta nuna mini wata mai ruwan toka da farin ƙirji, ba jaririya ba kuma ba babba ba, tana laɓe ƙarƙashin rumbu. Gwaggo ta ce a nan ta tashi, hannun mutum bai taɓa ɗaukarta ba. Na ji maganar, amma hankalina yana kan ɗinkin da na baro. Muka rufe ta da kwando, na juye ta cikin buhu, na ɗaure a bayan moto. Duk ramin da na faɗa a hanya sai ta yi wani irin kuka kamar ana yanka ta.

Ina kwance bakin buhun a shago ta fito kamar an harbo ta, ta ja mini layi uku a bayan hannu, ta shige bayan tarin yadi. Wannan ita ce gaisuwarmu ta farko.

Gaskiya ɓeraye sun ragu, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma ni na koma ɓeranta. Keke na ƙafa nake da shi, da zarar na fara takawa sai ta lallaɓo ta ƙarƙashin teburi, ta rungume idon sawuna da ƙafafun gaba, ta sa haƙori, tana shuri da na baya. Ɗinki ya karkace, allura ta karye. Metir ɗin awo da nake ratayawa a wuya shi ma bai tsira ba. Akwai ranar da na sunkuya ina auna tsawon wandon wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ta yi tsalle ta kama bakin metir ɗin, ta haɗa da ƙirjina. Malamin ya ja da baya ya taka kwanon maɓallai. Na yi ta tsintar maɓallai har la'asar.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi tsawa, na watsa mata ruwa, na kore ta da tsintsiya. Duk ranar da na yi haka, washegari sai ta fi tsanani. Masu zama a bencin ƙofar shago kuwa kowa ya zama malamin kyanwa. Wani ya ce in shafa mata man shanu a ƙafa. Na shafa, ta bi ta kan farin yadi. Wani ya ce yunwa ce, na ƙara mata kan kifi, ta ci ta ƙoshi ta samu ƙarfin kama ni. Sai wani dillalin awaki, wanda daga baya na gano ko kyanwa ba ya da ita a gida, ya ce maganin abin ɗaya ne: in riƙa kama ta ina matse ta a ƙirji, kome za ta yi kada in sake ta, har ta saba da warin jikina.

Lokacin azumi ya raba tsakiya, kayan sallah sun taru har sun kusa taɓa rufi. Da rana tsaka, ga zafi ga ƙishirwa, ta sake kama mini ƙafa ina tsakiyar ɗinka aljihu. Na ce yau za mu gwada maganar dillali. Na sunkuya na cafke ta, na manna ta a ƙirji. Ta yi gurnani, na ƙara matsewa. Sai ta juyo da kai ta nutsa haƙora a gindin babban yatsana na dama, har na ji kamar sun taɓa ƙashi. Na yarfa hannu, ba ta saki ba sai da ta ga dama.

Ban tsaya wanke ciwon ba. Na ɗaure shi da ƙyalle, na jefa mata zane na naɗe ta, na tura cikin buhun da ta zo a ciki. Na kai ta can bakin tabki, bayan garaken mutane, na zazzage ta, na juyo ko waiwaye ban yi ba. A hanya har ina jin daɗi, ina cewa na rabu da masifa.

Da gari ya waye hannun ya kumbura, yatsan ya sandare, almakashi ma ya gagare ni riƙewa. Maiɗakina ta ce in ban tafi likita da ƙafata ba za ta kira yayana ya kai ni. Na tafi. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke wurin, ya kwance ƙyallen, ya wanke ciwon da abin da ya sa na kusa karya azumi da ihu, sannan ya fara tambaya. Ko an taɓa yi wa kyanwar allura? Na ce wa ke yi wa kyanwar ƙarƙashin rumbu allura. Ya ce ba wasa yake ba, ciwon haukan da ake ji wajen karnuka kyanwa ma tana ɗauka, kuma in ya bayyana a jikin mutum babu magani. Ya ce zan fara karɓar allura, amma ita ma dole a sa mata ido na wasu kwanaki, a ga ko za ta sauya.

"Tana ina yanzu?" ya tambaye ni.

"Na yar da ita."

Ya ajiye audugar da ke hannunsa ya dube ni. "To, Malam, sai ka je ka nemo ta."

Ban san yadda zan kwatanta takaicin da na ji ba. Ni aka ciza, ni za a yi wa allura, kuma ni zan bi sawun wadda ta cije ni in ga ko tana lafiya.

Haka na shiga garake da hannu a naɗe, ina bi tsakanin kabeji da tumatir da zogale ina leƙa gindin shinge. Duk wanda na yi wa sallama sai ya tambaya ko akuya ce ta ɓata. In na ce kyanwa, sai ya tsaya da ban ruwa ya dube ni da kyau. Masunta da ke gyaran raga a bakin ruwa suka ce in sayi kifi in rataya a wuya, za ta zo da kanta. Kafin yamma labari ya riga ni shiga gari. Na kwana biyu ina wannan yawo, ga tsoro a ciki, don duk lokacin da na ji wuyana ya bushe sai in ce shi ke nan, abin ya fara, na manta azumi nake.

A ƙarshe na same ta a garkar wani dattijo, tana kwance a kan buhun albasa cikin bukkarsa, tana lasar hannu kamar gidan ubanta. Na gaishe shi, na yi masa bayani, na ce na zo ɗaukar kyanwata. Ya ce shi bai ga sunana a jikinta ba. Tun da ta zo ɓera bai taɓa masa iri ba, kuma wanda ya yar da abu ai ya gama da shi.

"Baba, likita ne ya ce a sa mata ido," na ce.

"Ga ido nan a fuskarka, ɗana. Ka riƙa zuwa kana sa mata. Garka ba ta da ƙofa."

Ba yadda na iya. Kullum da hantsi in tafi garkar dattijon, in zauna a gindin mangwaro ina kallon kyanwa, ina duba ko tana dalalar da miyau ko tana tangaɗi. Ita kuwa sai ƙiba take yi. In na iso dattijon ya ce mini maras lafiya ta kwana lafiya, ta kuma yi sahur da ɓera biyu. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba, don a daidai lokacin shagona yana rufe. Na rarraba wasu kayan ga abokan sana'a, wasu masu kayan suka zo suka kwashe abinsu. Waɗanda suka yi faɗa ba su dame ni ba kamar wata mata da ta zo karɓar yadin 'ya'yanta. Ta tarar na yanka ban haɗa ba, sallah saura kaɗan, babu maɗinkin da zai karɓa. Ta naɗe guntayen a zanenta, ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta tafi. Ba ta sake kawo mini ɗinki ba.

A zaman gindin mangwaron nan ne na fara ganin abin da ban gani ba a shago. Saboda tsoro ko hannu ba na miƙa mata, sai ta riƙa matsowa da kanta, yau nesa, gobe kusa. Wata rana ta zo har ƙafata. Na ƙame kamar itace, ina jiran haƙori. Ta shinshina, ta goga kumatu a wandona, ta kwanta. Na kuma lura ba ta kai hari haka kawai. Kafin ta yi, sai jelarta ta fara dukan ƙasa, kunnuwa su kwanta baya, ƙwayar ido ta buɗe. In abin da ke motsi ya tsaya, sai ta huce.

Kwanakin da majo ya ɗiba suka cika tana nan garau, hankalina ya kwanta. Ranar na je yi wa dattijon godiya da ban kwana, na ce na bar masa. Daɗi ya kama shi, ya ce dama ni ne ban iya da dabba ba, bari ya nuna mini. Ya sunkuya ya ɗauke ta ta ciki ya ɗaga sama. Na ga jelar, na ga kunnuwan, na buɗe baki zan yi magana, amma ta riga ni. Ta tsaga masa kunci ta dire. Ya dafe wurin.

"Ɗauki kayarka," ya ce, "tun kafin in karya azumina a kanta."

Na ce ya wanke da sabulu ya je wajen majo, ya ce in dai fita masa daga garka.

Da na so in ƙi ɗaukarta, amma a kwanakin da shago ke rufe ɓeraye sun dawo da 'yan uwansu. Na jawo ta da kan kifi cikin kwando mai murfi, na dawo da ita a ƙafa. Wannan karon na ba ta lungu guda a bayan shago, na ajiye ruwa da abinci, na daina taɓa ta sam. Na ɗaura ƙyalle a bakin sanda, safe da yamma in ja mata shi a ƙasa ta yi ta kokawa har ta gaji. In ta kama ƙafata ba na fizgewa, sai in tsaya cak, ta ga babu daɗi ta saki. Kafin ta koyi hakan sai da na ari takalman roba na shiga fadama, na riƙa taka keke da su cikin zafin nan, gumi na taruwa a ciki, 'yan benci suna tambayata ko ruwa ne ya ci shago. Dillalin awaki har da cewa ai shawararsa ce ta fara aiki. Ban tanka masa ba, don in na tanka za a ji mu a tasha.

Watanni aka ɗauka. Ba zan ce ta zama ta kirki ba, har ta tsufa ba ta yarda a ɗauke ta, kuma baƙon da ya kai hannu ba tare da ya ji gargaɗina ba ya san sauran. Amma ta daina cizona, har ta kan hau cinyata in ta ga dama, ta sauka in ta ga dama.

Abin da na koya bai wuce biyu ba. Duk abin da ka raba da inda ya saba ka kawo wurinka, a tsorace yake zuwa, kuma matsi ba ya cire tsoro, ƙara shi yake yi. Na biyu, cizon bai yi mini ɓarnar da fushina ya yi ba. Tun daga lokacin, in raina ya ɓaci har na ji dole in yanke hukunci yanzu-yanzu, sai in tashi in wanke hannu da fuska, in bar maganar ta kwana.