Ragowar Ruwan Tano

Shekarar da mutanen jami'a suka zo ƙauyenmu, can gefen Gangara, ni ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, don haka ni aka ɗora wa aikin tafinta. Sun zo koya wa mata kiwon awaki. Littafin da suka kawo da alama don wata ƙasa aka buga shi, domin alade ne kwance a bangonsa. Sai da muka zauna gindin aduwa muka yage bangon ɗaya bayan ɗaya kafin a raba.

Inna tana cikin matan. Awakinta huɗu, su kaɗai suka rage mata bayan rasuwar Baba, kuma su ne hujjarta. Duk sa'ad da yayata ta aiko daga Damagaram cewa ta tattaro ta koma wurinta, sai Inna ta ce wa zai riƙe mata dabbobi. Ta tsani birni. Kowa ya san ranar da awakin nan suka ƙare, zamanta a garin ya ƙare.

Abin da aka koyar mai kyau ne, ba zan yi musu ƙarya ba. A sassare karan hatsi, a narka takin zamani cikin ruwa, a yayyafa, a danne cikin rami, a rufe mako uku. Karan zai yi laushi, dabba ta ci ta kai damina da ƙarfinta. Na fassara komai har ina ƙara gishiri, sai ka ce ni na ƙirƙiro dabarar. Aka raba taki da takardar shaida, aka ɗauki hoto, motarsu ta tafi.

Abu ɗaya ba su faɗa ba, wato yadda za a yi da ruwan da ya rage. Su mutanen famfo ne, a wurinsu ragowar ruwa zubarwa ake yi, ba sai an faɗa ba. Ni kuwa a nan ƙasar Damargu aka haife ni. Na san rijiyarmu da sai raƙumi ya yi nisa da igiya kafin guga ya leƙo. Na san ko ruwan wankin hatsi na dabbobi ne. Ni ya kamata in tambaya, amma hankalina yana kan Faransancina.

Da rani ya tsananta Inna ta cika raminta yadda aka ce, ta rufe. Ruwan takin ya rage a gindin tano, gangar da ta narka shi a ciki, garau da shi, ba wari. Ta juye a kwano ta kira awakinta.

Na taso daga lakwal da azahar na tarar da uku kwance, ciki ya kumbura, baki na kumfa. Ta huɗun ba ta kai la'asar ba. Maƙwabcinmu ya samu ya yanka biyu, amma ba wanda ya yarda ya taɓa naman.

Inna ba ta yi kuka ba. Tana zaune bakin turke, ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi.

"Mushe, sun ce a zubda ne ban ji ba?"

"Ba su ce ba, Inna."

"To. Ni dai tun da nike ban taɓa zubda ruwa ba."

Har yau ina jin kunyar wannan amsa tawa, kuma ban yafe wa kaina ba.

Bayan mako uku muka buɗe ramin. Karan ya yi kyau ƙwarai, maƙwabta suka kwashe wa tumakinsu suna sa albarka. Ran kasuwa na sa Inna a motar Damagaram, ba ta yi gardama ba.

Shekaru ke nan tana can. Yayata ta ce har yanzu in an wanke shinkafa takan tare ruwan a ƙwarya, ta fito tsakar gida da shi ta tsaya tana dube-dube, sai wani ya zo ya karɓa daga hannunta.