Ruwan da Na Wanke Allo da Shi

A farkon shekarun tamanin, muna da shekara biyu da aure, muka tashi daga Tudun Wada muka koma wata unguwa a gefen Rido, domin wani ɗan garinmu ya ba ni aron ɗaki biyu da ɗan filin shuka masara. Ɗinki nake yi da keke, bayan la'asar kuma ina karantar da magidanta. Daga ƙofar gida ana hango matatar mai, da dogon bututun nan mai harshen wuta a kai, wanda ko ruwan sama ba ya kashe shi. Idan iska ta juyo wajenmu, farin kayan da aka shanya da hantsi kafin azahar ya yi ɗigo-ɗigon baƙi.

Rijiyar unguwa tana gangare, kusa da rafi. A daminarmu ta biyu ruwanta ya soma yin maiƙo a sama, mai launuka kamar wuyan tattabara. Akuyarmu takan sunsuna ta juya. Mata kuwa sai su kwashe saman da ƙoƙo su zubar, su bar sauran ya kwana a randa.

Lokacin matata tana da ciki wata huɗu, bayan na farko da ya zube tun muna Tudun Wada. Maƙwabciyarmu, matar wani kafinta, Kirista ce daga kudancin jiharmu, tana shara a wani asibitin haihuwa a cikin gari, kowa kuma Mama yake ce mata. Ita ta hana matata shan ruwan rijiya. Kullum idan ta sauka daga mota sai ta tsaya a famfon bakin titi ta ciko jarka, ta ɗoro a kai har gidanmu.

Ni ma ina da nawa taimakon. Kowace safiya, bayan na dawo daga masallaci, nakan rubuta ayoyi a allo, in wanke a ƙwarya, matata ta sha, don Allah Ya tsare cikin. Amma ban yarda in wanke sunan Allah da ruwan jarka ba. Ban san abin da aka taɓa zubawa a cikinta ba, ban san hannuwan da ta bi ba. Sai in ɗauki gugana in gangara rijiya da kaina.

Ba zan ce ban ga maiƙon ba. Tun a zauren malaminmu na san hukuncin: ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita ya rasa tsarki, sai fa idan abin da ya jirkita shi daga ƙasa yake, kamar kanwa ko taɓo. Na zauna na juya maganar, na ce ai mai ma daga ƙarƙashin ƙasa Allah Ya fito da shi. Ban tambayi wanda ya fi ni sani ba. Allah Ya yafe mini, har daɗin wayona na ji. Da zarar tawada ta sauka a ƙwaryar kuwa, komai ya zama baƙi, ba a ganin wani launi.

Sau ɗaya matata ta ce mini rubutun yana warin kananzir. Na ce mata gawayin tawadar ne. Ta yi bisimilla, ta toshe hanci, ta shanye. Wata uku muna haka. Ta yi ta ciwon kai, ƙafafunta suka kumbura, abinci ba ya zama a cikinta, muka ce laulayi ne.

Wata Lahadi Mama ta fito za ta coci, muka yi kiciɓis ina haurowa da guga. Ta tambaye ni ko wanki zan yi, na gaya mata gaskiya. Ta tsoma yatsa, ta kai hanci, ta dube ni.

"Malam, kai da littattafai suka tsufa a hannunka, akuya ta fi ka hanci?"

Na soma yi mata bayanin hukuncin ruwa. Ta ɗaga hannu.

"Rubutunka na Allah ne, ban taɓa shi ba. Ruwan nake tambaya. Tun yaushe?"

Da na faɗa mata, sai ta ƙirga da yatsu, ta ce mini a layinmu kaɗai ta karɓi haihuwa uku a damina ɗaya, babu wanda ya isa watanninsa. Ta karɓi gugan ta tuntsurar da ruwan a ciyawa, ta wuce ba sallama. Daga ranar na koma wankewa da ruwan jarka.

Naƙuda ta zo ciki bai cika wata takwas ba, da rana tsaka, ina kan keken ɗinki. Mace aka samu. Ba ta fi tsawon takalmina ba, leɓɓanta shuɗi-shuɗi, kukanta kamar na ɗan kyanwa a bayan ɗaki. Na yi mata kiran salla a kunne, ina jin ƙirjinta yana shiga yana fita a tafin hannuna, da wani siririn fito. Mama ta samo a-kori-kura, muka nufi asibitin da take aiki.

Nas ta tambayi inda muke zaune. Da ta ji, sai ta dubi abokiyar aikinta kafin ta rubuta. Sannan ta tambayi matata wane ruwa take sha.

"Na famfo," in ji ta, idonta a ƙasa.

Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji, ban gyara ba. Mama ma ta ji, ta ci gaba da ninke zani. Sai washegari na sami likita shi kaɗai na faɗa masa gaskiya. Ya ce mai yiwuwa ruwan ne, mai yiwuwa hayaƙin da muke shaƙa ne, mai yiwuwa duka biyun, ba shi da abin aunawa.

Kwana biyar jaririyar ta yi a duniya. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gida muka dawo da ita naɗe a ƙyallen da na yanka daga yadin wani, muka kai ta makwancinta kafin la'asar. Matata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, har yau.

Ana cikin zaman gaisuwa wani ɗalibina ya matso ya raɗa mini cewa iyalinsa na da ciki, yana son rubutu. Na ce zan rubuta, amma ya wanke da ruwan famfo, na maimaita masa har sau biyu. Ya ce to, Malam. Da na rubuta ya fita da allon, na leƙa ta zaure, na ga gangare ya nufa.