Kocin da Aka Ce Ya Ce a Bar Musu

Ni tela ne, kuma wanda ya daɗe a kan keke ba ya saurin yarda da bakin mutane. Mutum zai rantse maka bai ƙara ƙiba ba, ka ɗora masa tef, tef ya ƙaryata shi. Matata takan ce ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. To, da wannan halin nawa aka sallami aminina daga aikin koci, kuma ban ji daɗin zama da kaina ba a lokacin.

Ƙungiyar ƙwallon garinmu, nan Yelwa, ta taɓa yin tashe. Daga baya manyan 'yan wasan suka watse, wasu kabu-kabu, wasu haƙar zinare, wasu aure ya zaunar da su. Kwamiti ya ce za a sake gini daga tushe, aka danƙa wa aminina. Bagunge ne, wato ɗan ƙabilar Gungawa, a tsibiri aka haife shi, amma a gari ya tashi, benci ɗaya muka zauna a firamare. Sana'arsa gyaran injin jirgi a bakin ruwa. Da aka ba shi aikin bai tsaya ga ɗiyan gari ba. Ya shiga jirgi ya bi ƙauyukan bakin ruwa har wajen Shanga yana tsinto yara masu ƙafa, galibinsu Gungawa. Ni na ɗinka musu lambobi, kuma sai da na rage rigunan kusan duka, don yaran sirara ne kamar goran tuƙi.

Shugaban kwamiti, wani Alhaji dillalin kifi, ya tara mu ya ce kowa ya yi haƙuri, gini ake yi, ba a neman kofi bana ko baɗi. Aka yi ta tafi. Na ce a raina, za mu gani.

Aminina yana da wata dabara. Idan wasa ya yi zafi sai ya ajiye Hausa ya koma Gunganci, ya tsaya bakin layi yana ƙwala wa yaransa umarni. Su suna ji, abokan karawa ba su ji. Dabarar ta ci ƙungiyoyin da ke zuwa daga tudu. Amma 'yan kallo ba su taɓa sonta ba. Mu Hausawan gari ba ma son a yi magana gabanmu da yaren da ba mu ji, nan da nan sai mu ɗauka da mu ake. Ni kaina, duk daɗewarmu tare, abin da na iya a Gunganci gaisuwa ce da zagi biyu.

Ranar da abin ya ɓaci, 'yan Wara ne suka zo. Aminina ya manta, ko kuwa bai yi tunani ba, cewa su ma ɗiyan ruwa ne. Duk abin da ya faɗa, sun riga yaranmu ji. Ya ce a bi ta nan, sai ka ga sun tare nan. Suka yi ta zura mana ƙwallo har gola ya fara kallon ƙasa. Shi kuwa koci sai maimaita wata kalma yake yi, jijiyar wuya a tashe. Wallahi a kunnen Bahaushe ba ta da maraba da "bar musu". Wani daga bayana ya ce kun ji, kun ji, cewa yake a bar musu. Kafin alƙalin wasa ya busa tashi, maganar ta zagaye fili.

Ba a yi mako ba kwamiti ya ce an ba koci hutu. Hutu! Mutum yana cikin ƙoshin lafiya, bai ce ya gaji ba. Kowa ya san korarsa aka yi, kuma kowa ya san dalili ko da ba a faɗa ba: ya sayar da wasa.

Shagona ya zama majalisa. Wani ya ce ai dangin matarsa a Ngaski suke, can yankin Wara, me ake jira. Wani ya ce ya gan shi da sabuwar taya a babur. Mai shayin kusa da ni, wanda bai taɓa taka fili ba, ya ce shi tun farko bai yarda da tafiyar mutumin ba. Akwai 'yan kaɗan da suka ce zalunci ne, ya za a ce gini ake yi sannan a kori magini tun ana kwaɓa ƙasa. Su ma na zarge su, na ce halan ɗiyansu na cikin waɗanda ya ɗauka. Da aka naɗa sabon koci kuwa, sai ga shi surukin Alhaji ne. Nan na ce, yawwa, ga inda aka dosa.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne, ni ma na ji kalmar da kunnena. Ba labari aka ba ni ba. Idan aminina ya zo shago muka gaisa, sai idona ya kai kan tayar babur ɗin. Na ji haushinsa, na ji haushin gari, na rasa wanda zan fi jin haushi. A garin da kowa ya san kowa, mutumin da aka ce ya sayar da nasa ya gama yawo. Har masu jirage sun fara kai injinsu wurin wani, wai wanda ya sayar da wasa zai iya musanya maka filogi.

Wata rana wata tsohuwa Bagunga mai bandar kifi ta kawo ɗinkin zane. Na ce Inna, don Allah in faɗi wata kalma ki gaya mini ma'anarta. Na kwaikwayi aminina iya ƙoƙarina, har da tashin jijiya. Tsohuwa ta yi dariya har ta dafa keke. Ta ce da farko dai na kashe kalmar, amma ta gane ta. Abin da ake faɗa ne a cikin jirgi idan ruwa ya yi ƙarfi, ana so kowa ya tsoma filafilinsa lokaci ɗaya a ja tare. Ta ce ko yaron goye a tsibiri ya san ta.

Ko zanen ban auna ba, na rufe shago na nufi rumfar Alhaji a kasuwar kifi. Na zayyana masa komai, ina haki. Yana saurare yana duba kwanduna, bai ko ɗago ba. Ana cikin haka wata mata ta sauke kwando a inda bai so ba, sai ya juya ya yi mata faɗa da Gunganci. Ba irin nawa na gaisuwa ba, tiryan-tiryan, har matar ta mayar masa suka yi dariya.

Na ce, "Alhaji, ashe kana ji?"

Ya ce, "Innata ɗiyar tsibiri ce. Duk abin da koci ya faɗa ran nan na ji shi."

Na tambaye shi, to don me ya yi shiru aka ɓata bawan Allah. Ya ja ni gefe ya ce masu ɗaukar nauyin ƙungiya sun zo masa a fusace. Sun ce ko dai a mayar da yaran ƙauye duka inda aka ɗebo su, tunda ba su iya ba, ko kuwa a nuna musu mai laifi. Ya ce idan koci ya sayar, to yara sun iya ke nan, cin amanarsu aka yi. Idan bai sayar ba, yara za su tafi. Na ce surukinka fa? Ya ce wani dai za a sa, kuma kifinsa na jiransa. Har yau ban san kashi nawa na maganarsa gaskiya ne ba.

Daga nan bakin ruwa na yi. Na tarar da aminina tsugune gaban wani inji, hannu duk baƙin mai. Na gaya masa abin da tsohuwa ta ce da abin da Alhaji ya ce. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko zan tsaya a majalisa in faɗa wa kowa, in ya so a kawo Gungawa goma su fassara. Bai yi mamakin komai ba. Na tambaye shi ko da saninsa aka shirya, sai ya ce in miƙo masa sifana.

Da ya ɗaure abin da yake ɗaurewa ya ce, "Aboki, kada ka wanke ni. Golan nan, ubansa ya so ya cire shi ya sa shi a kamun kifi, da ƙyar na roƙe shi. Yanzu akwai masu zuwa daga birni kallonsa. Ka bar su su yi wasa."

Na ce sunanka fa? Ɗiyanka fa da ke zuwa makaranta ana nuna su? Na faɗa masa wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗauki tsumma yana goge hannu.

Sai wani mai jirgi ya taho daga gangare, injinsa a kafaɗa. Ba da faɗa ba, ba da tsokana ba, kamar yadda za ka kira kowane mai gyara, ya ɗaga murya ya ce, "Bar-musu, kana da hannu?"

Na juya zan ci mutuncinsa. Aminina ya riga ni. Ya miƙe ya ce, "Na'am, kawo shi nan."