Kumburin Zuciyar Inna

A zamanin Turawa ina aikin gyaran hanya na En'e wajen Makarfi, sai aka aiko cewa Inna ba lafiya. Dama ba da son ranta na bar garinmu Kudan ba. Ta so in zauna in taya Baffa, ƙanen mahaifina, noman rake. Da na isa gida na same ta ƙafafu a kumbure, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama.

Akwai wani malamin ɗibbu a garinmu da ya yi karatu a Gabas. Ya riƙe wuyan hannunta, sannan ya ce zuciya ita ce sarkin jiki, a cikinta ɗumin rai yake zaune, baƙin ciki kuwa taruwa yake yi a kanta har ta kumbura. Bai ambaci kowa ba. Baffa ne ya juyo ya dube ni.

"To, ka ji dai. Ɗa ɗaya gare ta. Wa zai ɓata mata rai in ba kai ba?"

Kafin lokacin kaka Inna ta rasu. Na ajiye aikin En'e, na shiga gonar Baffa, ina saran rake ina dafa mazarƙwaila, kullum da tunanin ni na kashe uwata. Ko musu ban taɓa yi masa ba.

Shekaru suka ja. Wata rana na kai matata ɗakin shan magani na Ikara. Malamin asibitin, wani dattijo, ya tambayi gidanmu, sai ya gane ni. Ya ce ai Baffa ya taɓa kawo masa Inna a kan jaki, tun ban bar gida ba, shi kuma ya sa robar sauraro a ƙirjinta.

"Ɗana, zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da ƙofofin da ke rufewa bayan jini ya wuce don kada ya komo. Tata ƙofa guda ba ta rufuwa, zazzaɓin ƙuruciya ya lalata ta. Ko kana zaune a gabanta haka za ta tafi. Na gaya wa baffanka ƙarara."

Na koma gida na tarar da Baffa a zaure yana shan rake. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na ji. Bai ko daina tauna ba.

"Da na gaya maka, wa zai yi mini noman?"

A makon nan na kwashe iyalina muka koma Hunkuyi. Da Baffa ya kwanta ciwon ajali ya aiko a kira ni, ban je ba. Yanzu da na tsufa abin yana damuna, ina roƙa mana gafara ni da shi, amma har yau ba na shan rake.