Saura Damina Ɗaya

Mai Kwalba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da kowa a kan littattafansa ba, har da matarsa. Masinja ne a makarantar firamare. Tun yana da ƙuruciya wani malamin kimiyya ya kafa ma'aunin ruwan sama a bayan ajin ƙarshe, mazurari da kwalba a cikin gwangwani, ya koya masa karantawa, sai aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Ba wanda ya ce a ci gaba, ba wanda ya ce a daina. Shi kuwa kullum ƙarfe bakwai na safe yana can tsugune yana rubutawa. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya zana sifili. Littattafan suna akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, mukullin a wuyansa.

Ana nan wata ɗaliba daga jami'a ta yi sallama a ƙofarsa.

"Baba, an ce kana rubuta ruwan sama."

"Wa ya ce?"

"Hedimasta."

"Shi wa ya aike shi?"

Ta ce bincike take yi a kan sauyin yanayi. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Yanayi? Ɗaga kanki, ga hadari can. Sai kin shiga akwatina?"

"Wannan na yau ne, Baba. A wajenmu abu biyu ne, baki ne ya ba su suna ɗaya. Na yau kamar fushin mutum ne ko fara'arsa. Ɗayan kuwa halin wuri ne, sai an tara shekara talatin ake saninsa. In halin ya canza, shi ne sauyin yanayi."

"Talatin cif?"

"Haka malamanmu suke so."

Nasa kuwa shekara ashirin da tara ne. Ya wuce shagon amininsa tela.

"Yarinyar nan da wata a ƙasa," in ji shi. "Kwashe littattafan za ta yi, ta ce ba su cika ba, a ƙarshe a naɗe gyaɗa da su."

"Kai dai ko inuwarka ba ka yarda da ita," in ji tela.

Da ƙyar ya amince, bisa sharaɗi: ba fita da littafi, ba hoto da waya. A baranda take kwafa da hannu, shi yana riƙe da gefen shafin kamar za a fizge. A littafi na sha bakwai ya haɗa shafi biyu ya juya.

"Baba, ka tsallake."

"Ba komai a wurin."

Ta ajiye biro ta jira. Can ya buɗe. Wata guda cur da fensir, rubutu kamar tafiyar kaza. Lokacin da ya kwanta asibiti ne, tela ya riƙa auna masa. Shekara goma sha biyu yana jin tsoron watan nan ya ɓata sauran.

"Ba hannuna ba ne," ya ce a hankali.

"An auna dai?"

"An auna. Sai da na sa shi ya rantse."

"To giɓi ne ke ɓata aiki, Baba, ba hannu ba. Zan rubuta wanda ya auna."

Sai ya ce, "Kuma ba su kai talatin ba."

"Na ƙirga tun ranar farko. Zan jira damina."

Ita ta jira, shi ne bai kai ba. Ya rasu saura mako biyu ruwan farko ya sauka. Bawan Allah! Kafin nan ya cire mukullin daga wuyansa ya danƙa wa tela.

Yanzu tela ne ke tsugunawa a bayan ajin ƙarfe bakwai na safe, gwiwa tana ƙara, fensir a kunne. Wasiyyar da aka bar masa guda ce:

"Kada ka ba ta littafin ta tafi da shi. Ta kwafa a gabanka."