Rufin Issifou da Iskar Gabas

Duk wanda ya tashi a Komah, tsohuwar unguwar nan ta Sokodé, ya san Issifou kafinta. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙarar gudumarsa. Kakanninsa fataken goro ne, ubansa mahauci, shi kuwa tun yana saurayi ya ce ba ya son wuƙa, katako yake so. Shekara talatin da ɗoriya yana hawa kan gidajen mutane yana buga kwano, kuma magana ɗaya ce a bakinsa, har yaran unguwa sun haddace ta: rufin da ya buga bai taɓa tashi ba. Gaskiya ce kuwa, ba cika baki kawai ba. Sai dai mutum ne mai taurin kai, wallahi in ya kafe a kan abu, gara ka je ka roƙi bango.

Ana gane aikinsa daga nesa. Yakan bar kwanon ya zarce bango sosai, kamu huɗu ko biyar, don kada ruwa ya ci ginin, kuma mutanen gida su sami inuwar zama. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ya ga an jera duwatsu a kan rufi don danne kwano. In ya hango haka sai ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi wannan aikin bai san kusa ba, kuma duk mai ɗora dutse a kan rufi zagin kafintansa yake yi a gaban jama'a.

'Yarsa ta fari Zalia ce, malamar makaranta. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar da liman ya raɗa shi. "Yarinyar nan" yake cewa, da ta yi aure kuma ta koma "ta Dapaong". Ba ya zama su yi hira, ba ya kiranta a waya, saƙo sai ta bakin uwarta. Amma kowa a gidan ya san duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji kamarta. Mijinta Fayçal yana aikin takardun manyan motoci a Cinkassé, bakin iyaka. Da ya gina ɗakuna uku a bayan garin Dapaong, Issifou ya aika masa cewa kada ya kuskura ya nemi kafinta. Abin da bakinsa ya kasa faɗa wa 'yarsa shekara ashirin da takwas, da guduma zai faɗa.

A watan Janairu ya je da katakonsa da kwanonsa. Gidan yana tsakiyar fili, babu maƙwabci a gabas, babu ko bishiya, sai gonakin da aka girbe har iya ganinka. Barandar tana kallon gabas ɗin, don can hanya take. Kwana na uku yana kan tsani, Adiza mahaifiyar Fayçal ta zo da kwanon fura. Tsohuwa ce siririya, haifaffiyar Nano, wani gari kusa da Dapaong, ta kusa saba'in. Ta ajiye furar, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon katakon da ya miƙo kan baranda.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta. "Aiki ya yi kyau. Sai dai mu a nan ba ma barin bakin rufi ya yi tsawo ta gabas. Kuma magina kan binne wayar ƙarfe a bango a ɗaure katako da ita. In an gama, mu ɗora duwatsu."

Da wani ne ya faɗa, da ya sha zagi. Da yake surukuwa ce, Issifou ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Hajiya, iska ai iska ce. Ta Sokodé ma daga gabas take zuwa. Shekara talatin ina fama da ita. Rufina ba ya son dutse."

"To, Malam. Kai ka san aikinka."

Ta juya. Ta ɗauki kwanon furar jiya ta koma. Shi kuwa ya gama rufinsa cikin kwana tara, ya yi kyau har masu babur suna rage gudu su kalla, ya koma gida yana jin kansa a sama. A lokacin Zalia tana da ciki wata bakwai. A watan Maris ta haifi namiji.

Damuwar ta fara ne a farkon Afrilu, a ƙofar masallaci. Issifou yana da aboki, Malam Awal, wanda ya yi aiki a tashar auna yanayi har ya yi ritaya. Awal yana da wani abu kamar agogon bango a falonsa, mai allura ɗaya, ya ce nauyin iska yake aunawa. Issifou ya daɗe yana yi masa dariya, wai iska ma har nauyi gare ta kamar buhun doya. Ran nan bayan azahar Awal ya ce allurarsa tana ta sauka tun safe, kowa ya kwashe shanyarsa. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta kaɗa tsawon minti ashirin, ruwa ya biyo baya, aka yi hamdala. A Komah ko kwano ɗaya bai ɗaga ba.

Washegari aka kira Issifou ya duba wani sabon gida a bayan gari, hanyar Bassar. Rufin gaba ɗaya yana kwance a gonar rogo, taku sittin daga gidan, katakon da kwanon a haɗe kamar an ɗauke murfin tukunya. Ya tsuguna ya duba. Kusoshin duk suna nan, ko ɗaya bai zare ba. Wanda ya yi aikin tsohon yaronsa ne, kuma yadda ya koya masa haka ya yi, har tsawon bakin kwanon. Gidan shi ma a fili yake. Issifou ya tuna da rufin Dapaong.

Ya nufi gidan Awal kai tsaye, bai ko tsaya cin abinci ba.

"Malam Awal, iska tura rufi take yi ko me?"

"Ɗaga shi take yi," in ji Awal. Ya ɗauki takarda ya riƙe a bakinsa ya hura ta samanta, takardar ta tashi. "Ka gani? Wadda ta wuce ta sama da gudu tana rage nauyin da ke danne kwanon. Wadda ta shiga ta ƙarƙashin barandar kuma tana tura shi sama. In katakon bai kama bango ba, kusoshinka dubu ba su da amfani, tare za su tafi. Ku a Komah gidaje sun jingina da juna, ga mangwaro, ga tuddai. Iskar tana isowa ta riga ta gaji."

"A Dapaong fa?"

Awal ya kalle shi. Ya san zancen rufin, duk Komah ta sani.

Ya yi masa bayani a hankali. Iska biyu ce ke rabon ƙasar nan, busasshiya mai zafi daga arewa, da mai laima daga teku. Inda suka haɗu nan hadari ke tashi, kuma mahaɗar tasu ba a tsaye take ba. Kowace bazara tana hawa arewa kaɗan kaɗan. Jiya ta taɓa Sokodé, nan da 'yan makonni tana Kara, sannan Mango, zuwa Mayu tana kan Dapaong. Can kuwa ƙasa ta fi gasuwa, don haka hadarin farkon damina ya fi zuwa da hauka, iska ta riga ruwa, kuma babu abin da ke tare ta.

"Kana da kamar wata guda," in ji Awal. "Je ka ɗaure katakon nan."

To, ni mai ba ku labarin nan, nan ne Issifou ya ba ni haushi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata guda fa! Motar Dapaong kullum tana tashi a tasha. Ya sayi wayar ƙarfe mai kauri, naɗi biyu, ya ajiye a bayan ƙofar shagonsa, kullum yana kallonta. Amma ya je ya ce me? Ya tsaya gaban surukuwarsa ya ce Hajiya ke ce da gaskiya? Ya kira 'yar fari a waya ya ce rufin da ubanki ya yi miki ba shi da aminci? Bakinsa ya kasa. Abinci ya daina shiga, ya rame, matarsa ta yi ta tambaya yana cewa zafi ne. Kullum bayan sallah sai ya tambayi Awal inda mahaɗar ta kai. Awal ya ce ta wuce Bafilo. Ya ce ta wuce Kara. Daga baya ya daina amsawa, sai dai ya kalle shi ya girgiza kai.

Ranar biyu ga Mayu Fayçal ya kira. An yi hadarin farko a Dapaong, ya kwashe rufin gidaje da dama a unguwarsu, nasu kuwa ko motsi bai yi ba. "Baba, aikinka ya tsaya," in ji shi. Issifou ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, ya je ya faɗa wa Awal da ɗan alfahari. Awal ya ce sa'a ce, kuma na biyu yakan fi na farko. Kwana biyar Issifou ya yi yana kokawa da kansa, hoton rufin gonar rogo ya ƙi barin idonsa. Ranar Alhamis ya kira Fayçal ya ce gobe yana tafe, zai zo ya ga jaririn. Zancen ɗaure katako bai ambata ba, ya ce a ransa in ya isa zai san yadda zai yi.

Motar ta tashi da hantsi. Zafin ranar ba a magana, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Suna wuce Mango ya hango gabas ta fara haɗa gira. Ya rungume naɗin wayar ƙarfen a cinya yana ta salati. Daga tashar Dapaong ya hau babur, suna tafe sararin yana rufewa, wani sanyi ya bugo su mai ƙamshin ƙasa, awaki suna gudu suna neman gida. Da suka karyo kwanar ƙarshe ya hango rufinsa yana sheƙi, fes, babu komai a kansa. Bai kai ƙofar ba iskar ta iso.

Da idonsa ya gani. Bakin barandar ya ɗaga, ya koma, ya sake ɗagawa, sai ƙara kamar an tsaga sama. Rufin ɗakuna uku ya miƙe tsaye, ya juya, ya tafi yamma. Bulon saman bango ya bi shi yana zubowa cikin ɗaki.

"Zalia! Zalia!"

Bai san ya kira ba sai da ya ji muryarsa. Ya faɗa ɗakin, ruwa yana zuba kamar a waje. Zalia tana kusurwa a durƙushe, goshinta da jini kaɗan, tana ihu tana nuna gado. Adiza ce kife a kan gadon, katako ɗaya da bulo biyu a kafaɗarta ta dama. Da ya ɗaga su ya janye ta, jaririn yana ƙarƙashinta yana tsala kuka, ko ƙwarzane babu.

Maƙwabta suka kai Adiza asibiti. Kafaɗar ta karye wuri biyu, likita ya ce a shekarunta da wuya hannun ya sake ɗaguwa. Da yamma ruwa ya ɗauke, Issifou ya zaga bayan gidan yana tattara abin da ya rage. Nan ya ga tabarma a jiƙe, iska ta yaye gefenta. A ƙarƙashi duwatsu ne manya, jajaye, an jera su tsaf a jikin bango. Ya tsaya yana kallonsu. Fayçal, wanda ya baro Cinkassé a guje, ya zo ya tsaya a bayansa, kansa a ƙasa.

"Na mene ne waɗannan?" in ji Issifou.

Fayçal ya ce:

"Baba, tun ranar da ka tafi Inna ta sa na ɗora su. Su ne a kai lokacin hadarin farko. Jiya da na ce mata kana tafe, ta ce a sauke kafin ka iso, a rufe, kada ka gani ka ji kunya a gidan 'yarka. Da asuba na sauke su. Mun ce in ka koma sai a mayar."

Issifou ya zauna a kan laka, babban mutum, ya rufe fuskarsa da hularsa.

Mako uku ya yi a Dapaong. Ya fasa saman bangon ya binne waya, ya ɗaure kowane katako, ya yanke bakin rufin gabas har sai da ya kusa daidai da gini. Awal ya ce masa a waya wannan ɗaurin ya isa, ba sai an ƙara komai ba. Bai saurare shi ba. Ranar da ya buga kusa ta ƙarshe, an sallamo Adiza, tana zaune a tsakar gida hannunta a ɗaure a ƙirji, jikan nata a cinyar Zalia don ita ba ta iya ɗaukarsa. Mutanen unguwa sun taru suna kallon sabon rufi. A gabansu Issifou ya yaye tabarmar, ya ɗora dutsen farko a kafaɗa, ya kama tsani. Fayçal ya zo zai karɓa, ya ce masa ya matsa.

Yana tsakiyar tsanin ya tsaya, ya juyo.

"Hajiya, wannan ina yake zama?"

Adiza ta so ta nuna da dama, hannun ya ƙi. Ta ɗaga na hagu.

"Kusurwar gabas, Malam. A hankali, yana da nauyi."